Core i Nawa Ce?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kwamfuta, ko a Titin Beirut a Kano ko a Computer Village da ke Ikeja, ya san tambayar da ake buɗe ciniki da ita. Mai saye ya ɗaga laftof, ya jujjuya ta, ya leƙa ɗan sitikan nan da ke manne kusa da madannai, sannan ya ce, "Alhaji, wannan i nawa ce?" In aka ce i7, fuska ta saki. In aka ce i5, a ɗan yi jim. In kuwa i3 ce, sai a mayar da ita inda aka ɗauko, ko tayi ba za a yi ba. Sauran tambayoyin a tsaitsaye ake yin su: batirin na riƙe caji? Za a ba ni jaka?

Ga mai son kallon fim da buga takarda, wannan ciniki ba ya cutar da kowa. Amma cikin masu sayen akwai waɗanda abincinsu ke cikin alƙaluma: ɗalibin digiri na biyu da malaminsa ya ɗora wa bayanan wani babban bincike, jami'in ƙididdiga a ma'aikatar lafiya, akawun kamfanin da ke riƙe da rasitan shekara goma. Su kam sitikan nan kaɗan ne abin da yake gaya musu, wani lokaci ma ya ɓatar da su. Furosesan i7-7500U da Intel ta fitar a 2016 ƙwayoyin aiki biyu ne kacal a cikinsa. Shekara guda bayan haka ta fitar da i5-8250U mai ƙwayoyi huɗu. Wato wannan i5 ɗin ya fi wancan i7 ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a kasuwar tokumbo mai lamba bakwai ake tsuga wa kuɗi. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce ke nuna zamanin furosesa, kuma tsakanin waɗannan biyun daidai Microsoft ta ja layinta: Windows 11 na karɓar zamani na takwas, ba ta karɓar yawancin na bakwai, ita kuwa Windows 10 an daina kula da ita kyauta tun 14 ga Oktoba 2025.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda mutum ke zama gaban kwamfuta tana jan ƙafa, yana tsaki yana cewa furosesanta ba shi da ƙarfi, alhali amsar tana nan a buɗe in da zai duba. A Windows akwai Task Manager. In aka buɗe shi daidai lokacin da aiki ya cije, ga abin da aka fi gani a wajen masu aikin bayanai: layin furosesa yana can ƙasa kusan a kwance, na RAM ya cika maƙil, na faifan ajiya kuma ya tsaya cak a ɗari bisa ɗari. Furosesan da ake zagi zaune yake yana jira a kawo masa abin yi. Yawancin lokacin da mai nazarin bayanai ke ɓatawa gaban allo, jiran ɗauko bayanai ne daga inda suke zuwa inda za a lissafa su, lissafin kansa ba ya cin komai in an gwada.

Tazarar da ke tsakanin wuraren ajiyar nan ta fi yadda ake zato. Ɗauko abu daga RAM na ɗaukar kamar kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa. Daga SSD, kamar kashi ɗaya cikin dubu goma. Daga tsohon faifai mai juyi, kamar kashi ɗaya cikin ɗari. A ido duk ƙiftawa ce. Amma a ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari: in miƙa hannu ya ɗauko turmin atamfa daga kan kanta daƙiƙa ɗaya ce, wannan shi ne RAM, to SSD aiken yaro ne sito, a jira shi minti 17. Faifai mai juyi kuwa aike ne Legas, sai bayan awa 28 kaya su iso. Wanda kantarsa ta yi ƙanƙanta, kowane ciniki sai an yi aike, komai saurin hannunsa wajen ƙirga kuɗi layi zai taru a ƙofar shagon.

Shi ya sa in ana maganar kwamfutar nazarin bayanai, RAM nake fara tambaya. Manhajojin da aka fi amfani da su, wato R da Stata da pandas na Python, a al'adarsu duka bayanan suke kwasowa su zuba a RAM kafin su taɓa komai. Kuma abin da ke kan faifai ba girmansa ɗaya da abin da zai zama bayan an buɗe shi ba. Rubutu na kumbura. Haɗa jadawali biyu kan haifar da na uku kafin a zubar da na farko. Wes McKinney, wanda ya fara rubuta pandas a 2008, ya ba da ma'auninsa a 2017: a tanadi RAM da ya ninka girman bayanan sau biyar zuwa goma. An inganta manhajar tun daga lokacin, amma ma'aunin bai daina amfani ba. Fayil mai giga biyu na iya neman giga goma zuwa ashirin. A kwamfuta mai giga takwas, wadda Windows da burauza suka riga suka cinye kusan rabi, abin da zai faru shi ne a fara aron wuri a kan faifai ana kai-da-komo, fanka ta kama kuka, linzami ya sandare. A nan ne ake cewa kwamfuta ta yi hangin.

Akwai wani ɗan abu a nan da ba a rubutawa a sitika, sai an kwance murfin ƙasa ake gani: ramukan RAM. Laftof sirara da yawa na zamani, har da duk MacBook mai furosesan Apple na jerin M, an like RAM ɗinsu a jikin allo, yadda aka saya haka za a rabu. Wata tsohuwar ThinkPad ko Latitude mai kauri kuwa tana da ramuka biyu, yau a saye ta da giga takwas, baɗi a mayar da ita 32. A ganina, ga mai aikin bayanai, rami guda da babu komai a cikinsa ya fi ƙarin lamba biyu a kan sitika daraja. In kuma za a cike, a sa sanda biyu iri ɗaya, don furosesa na iya ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda.

Sai dai kafin a kashe ko sisi, ya kamata mutum ya auna bayanan nasa, domin sau da yawa ba ƙarfe ne ya gaza ba. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na Najeriya na 2018, wanda ɗalibai ke yawan rubuta kundi a kansa, ya tattauna da mata sama da 41,000. Wannan ba wani nauyi ba ne ga kowace kwamfuta ta yanzu. Amma fayil ɗin matan na da ginshiƙai dubbai, ƙaramar Stata kuwa, wadda a da ake kira IC yanzu BE, ba ta wuce ginshiƙi 2,048. Ɗalibi ya ga fayil ya ƙi buɗewa, ya ɗora wa laftof laifi, ya shiga neman rancen sayen wata, alhali ko ya sayi wadda ta fi kowace tsada a kasuwa, saƙon nan zai sake gani. Maganinsa shi ne ya nemi Stata SE, ko ya zaɓo ginshiƙan da yake buƙata kawai tun wajen buɗewa.

Haka Excel. Shafinta ba ya wuce layi 1,048,576. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9. In kowane mutum layi ɗaya ne, ko kashi ɗaya cikin takwas ba zai shiga ba, komai yawan RAM. Tsohon tsarin fayil ɗinta na XLS ma a layi 65,536 yake tsayawa, kuma wannan iyakar ta taɓa yin ɓarna a bainar jama'a. A lokacin annobar korona, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu, saboda fayilolin da ake tara sakamakon sun cika, abin da ya biyo baya ya zube ba tare da an lura ba. Ƙasa mai kuɗi, injina masu ƙarfi, amma aka makara wajen bin sawun waɗanda mutanen nan suka yi hulɗa da su.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu ganin bayanansu sun fi ƙarfin kwamfuta guda, sai an haɗa injina da yawa ko an yi haya a intanet ana biya da dala. Tun 2013 masu bincike a Microsoft suka duba ayyukan da ake yi a manyan tarin injina na kamfaninsu da na Yahoo, suka ga rabin ayyukan bayanan da ke shiga cikinsu ba su kai giga 14 ba. Yanzu ga DuckDB, wadda Mark Raasveldt da Hannes Mühleisen suka ƙirƙira a cibiyar CWI ta Amsterdam, kyauta take. Ginshiƙan da tambaya ta shafa kawai take karantawa, tana raba aiki ga duk ƙwayoyin furosesa, in RAM ya kasa kuma ta san yadda za ta jingina da faifai ba tare da ta faɗi ba. Layi miliyan ɗari a laftof mai giga 16 da SSD ba abin mamaki ba ne a wajenta.

Rumbun bayanai kuwa, irin su PostgreSQL da MySQL, halinsa daban ne, kuma a nan faifai ke nuna kansa. Misali na kusa shi ne DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda Najeriya da Gana da ƙasashe da dama ke tara rahoton asibitoci da ita. A kan PostgreSQL take zaune. Rumbu ba ya karanta fayil daga farko zuwa ƙarshe. Tsalle-tsalle yake yi, ya leƙa fihirisa, ya ɗauko ɗan shafi nan, ya koma can ya ɗauko wani. Faifai mai juyi 7,200 a minti, wato sau 120 a daƙiƙa, kowane tsalle sai allurarsa ta matsa, sannan ta jira wurin da ake so ya zagayo. Da ƙyar yake yin irin wannan tsalle ɗari da ɗoriya a daƙiƙa. SSD mafi arha na yin dubbai. Ban san wani gyara guda da ke canza tsohuwar kwamfuta kamar cire mai juyi a sa SSD ba.

SSD ɗin ma iri-iri ne. Mai bin hanyar SATA kan tsaya a wajen mega 550 a daƙiƙa. NVMe na zamani na uku kan kai 3,500, na huɗu 7,000. Waɗannan su ne lambobin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, amma lambobin kwafe babban fayil ne a jere. Abin da rumbu ke so ba a cika buga shi ba. Masu arha na da ɗan wurin karɓar gaggawa. Muddin rubutu bai wuce shi ba suna gudu, da zarar an cika shi, kamar lokacin loda bayanai masu yawa ko gina fihirisa, sai gudun ya faɗi warwas, wasu har ƙasa da faifai mai juyi. Sannan kowane SSD na da adadin rubutun da masu ƙera shi suka lamunta, suna rubuta shi da haruffan TBW. Mai kallon fim ba zai taɓa kusantar iyakar ba. Rumbun da ke rubutu dare da rana zai iya.

Sannan akwai maganar alkawari. Duk lokacin da PostgreSQL ta ce ta ajiye abu, sai da ta fara rubuta shi a wani kundi na gefe, ta tambayi faifai ko ya zauna, faifai ya ce ya zauna. Wasu faifan kasuwa na amsa haka alhali abin na cikin ƙwaƙwalwarsu ta wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Littafin PostgreSQL kansa ya ja kunne a kan wannan. SSD da aka ƙera don manyan injina na zuwa da ƴan ma'ajiyar caji a jikinsu, waɗanda ke ba su ɗan lokacin ƙarasa rubutu in an ɗauke wuta. A inda wuta ke zama, wannan ƙarin kuɗi ne da za a iya yin gardama a kansa. A wajenmu ba na jin akwai gardama.

Wani abin ban dariya: mutum ya sayi giga 64, ya ɗora PostgreSQL, ya bar ta yadda ta zo. Yadda ta zo kuwa, wurin da take keɓe wa kanta a RAM mega 128 ne, wurin jera sakamakon kowane mataki na tambaya mega 4, abin da ya wuce haka ta zuba a faifai. Masu ita da gangan suka yi haka don ta tashi a kowace irin kwamfuta, kuma su da kansu suka ce a inji da aka keɓe mata a fara da rubu'in RAM. Har ƙiyasin da take yi na tsadar tsalle a faifai, na zamanin mai juyi ne, sai an gaya mata SSD take kai. Gyaran layi uku ko huɗu ne a fayil guda, kuma ba a biyan ko kwabo.

Yawan ƙwayoyin furosesa na da amfani, amma da iyaka. Gene Amdahl ya bayyana dalilin tun 1967: in rabin aiki dole a yi shi bi da bi, ko ƙwaya dubu aka zuba masa saurin ba zai wuce ninki biyu ba. R da Python, in ba an yi musu dabara ba, ƙwaya ɗaya suke hawa sauran na kallo. Stata sai an sayi nau'in MP take amfani da fiye da ɗaya, kuɗin lasisin kuma na ƙaruwa da yawan ƙwayoyin. Shida ko takwas masu sauri sun ishi yawancin mutane. Katin hoto mai tsada, wanda ake yi wa talla da fitilu masu launi, na masu wasanni ne da masu horar da manyan manhajojin koyon inji. SQL da lissafin ƙididdiga na yau da kullum ba su san da zamansa ba. Da kuɗinsa gara a sayi allo na biyu, a ga jadawali a gefe guda, rubutun umarni a ɗaya gefen.

RAM kansa yakan yi kuskure. A 2009 Bianca Schroeder tare da injiniyoyin Google biyu suka wallafa nazarin injinan kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi, suka ga sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM na samun kuskure a shekara. A fim, ɗigo guda ya canza launi ba wanda zai sani. A rumbun albashi, lamba ce ta canza, a rubuta ta a faifai, a kwafe ta cikin ajiyar tsaro, kowa na ganin daidai ne. Akwai RAM mai gano irin wannan kuskure ya gyara, ana ce masa ECC, kuma shi ne ainihin abin da ya raba kwamfutocin aiki irin su HP Z da Dell Precision da ThinkStation da sauran na kan tebur. Tsofaffinsu na shigowa tokumbo. HP Z440, misali, na da ramukan RAM takwas. Windows 11 ba ta amince da furosesanta ba, amma Linux ba ruwanta, PostgreSQL ma a can ta fi sakewa.

To amma wa zai ciyar da ita wuta? Na'urar wutar irin waɗannan an yi ta ne don ɗaukar wat ɗari biyar ko fiye, cajar laftof kuwa sau da yawa 65 ce. Mai inbata da batir biyu ya san bambancin kafin asuba. Ina ganin wannan ne ya sa masu bincike a nan suka fi riƙe laftof ko da sun san ta kan tebur ta fi ƙarfi: batirinta na tare mata ɗaukewar wuta, aikin awa uku ba ya mutuwa don an canza daga NEPA zuwa janareta. Wanda ya zaɓi ta kan tebur, UPS na cikin kuɗin kwamfutar, ba kayan ƙari ba ne, kuma a nemi mai kebul da zai gaya wa kwamfutar ta rufe rumbu ta kashe kanta kafin batir ya ƙare.

Zafi ma na cin sauri. Furosesa in ya doshi maki 95 zuwa 100 rage gudu yake yi da kansa don kada ya ƙone. A watan Afrilu, ɗaki ba sanyi, waje na kai maki 40, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe hancin fanka, laftof sirariya kan yi minti kaɗan da cikakken ƙarfinta sannan ta koma rarrafe. Mai kauri da manyan ƙofofin iska ta fi jure dogon lissafi. Bushe ƙura bayan hunturu da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi aiki ne na rabin awa a wajen mai gyara.

Saura ajiyar tsaro. Wasu kan sa faifai biyu masu kwafar juna su ɗauka sun gama. Wannan na kare mutum daga mutuwar faifai guda ne kawai. In ya goge jadawali bisa kuskure, nan take gogewar ke faruwa a duka biyun. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare da gajiya, ya goge rumbun PostgreSQL na ainihi yana zaton na kwafi yake gogewa. Kafin ya tsayar da umarnin, daga kusan giga 300 saura ƙasa da biyar. Kamfanin na da hanyoyin ajiya har biyar, da aka je ɗaukowa aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa shiru saboda manhajar kwafin ta tsufa, ba ta dace da rumbun ba. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya cece su, abin da aka rubuta cikin awa shidan kuma ya tafi. Don haka faifan waje na cikin lissafin sayayya tun ranar farko, a nan ne ma mai juyi ke da sauran amfani saboda arharsa. A riƙa gwada dawo da rumbun daga cikinsa lokaci-lokaci a ga ko yana buɗewa, in an gama kwafi a zare shi daga jikin kwamfuta, a kuma ajiye shi a wani gini daban, domin wutar da ta zo da ƙarfi da ɓarawon da ya fasa ofis duk abin da suka samu a kan tebur ɗaya tare suke tafiya da shi.